Baffa Mai Iyo a Karkace

Tun kafin a kai ni gidansu nake jin tsoronsa, kuma ba wai an ce min mafaɗaci ne ba. Ranar da ake sa min lalle wata goggona ta ce, tana wasa, "Surukinki fa mutumin ruwa ne, har Legas aka kai shi iyo. 'Ya'yanki sai dai ki haifa wa kogi." Mata suka kwashe da dariya. Ni dariyar ba ta zo min ba. Ina ƙarama kududdufin bayan gidanmu ya ci ƙanena, kuma ina tsaye aka fito da shi, laka har cikin hancinsa. Tun daga ranar ko randa na gani a buɗe sai na rufe ta. Da wannan a raina na shiga gidan miji a unguwar Kumbiya-Kumbiya cikin Gombe: wata rana tsohon nan zai ɗauki abin da na haifa ya nufi ruwa da shi, ni kuwa ba ni da bakin hanawa.

Haka kuwa aka yi. Amma bari in fara da rasuwarsa, tunda ita ta sa na zauna ina wannan rubutu.

Baffa, mahaifin maigidana, ya rasu da hantsi bayan gajeriyar jinya. Duk gidan Baffa muke ce masa, kuma ko a nan ba zan rubuta sunansa ba, suruki ne. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ina ciki wajen murhu, ina ta aika kunu da shayi, amma kunnena yana waje. Fulanin da suka zo daga rugage da sandunansu abu ɗaya suke ta maimaitawa: a da, in damina ta cika kogi aka rasa mai shiga gaban garke, shi ake jira. Tsofaffin da suka yi aikin allurar shanu tare da shi suna cewa bai taɓa barin dabba a kwance ya tafi gida ba. Matan unguwa kuwa "tsohon bakin kwari" suka san shi da shi. Na ji wani saurayi, abokin ƙanin maigidana, yana tambaya, "Wai da gaske Baffa ya yi wa jiha siwimin, gasar iyon nan? Wallahi na ɗauka tatsuniya yake wa yara." Wani ya ce, "To ina kofin?" Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta zaman makoki.

A cikin gida wata maƙwabciyarmu tana cewa, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Sai dai abin da ya ɗora yarinyar nan a kai..." Ina shigowa da tire ta hau gyaran mayafi. Kowa a ɗakin ya san yarinyar da take nufi. 'Yata ce ta fari.

Ranar sadakar uku wani tsoho ya sauka daga keke a ƙofar gida, ɗaure da zani irin na mutanen bakin teku, da hula mai baki da sandar dogarawa. Gwiwa ba ta bar shi ya zauna a tabarma ba, sai aka kawo masa kujera. Bai ɗaga hannu irin namu ba, hularsa ya cire ya ɗora a ƙirji, hawaye na bin fuskarsa. Aka shigo aka kwatanta wa Dada, mahaifiyar maigidana, tana ɗakin takaba. Ta ce, "Kifi ne. A ba shi ruwa, a gyara masa ɗakin baƙi. Daga nesa ya taso."

Da ma duk mun san Kifi a labari, ganinsa ne ba mu taɓa yi ba.

Labarin kuwa na ji shi ya fi a ƙirga, duk daga madafa, don suruka ba ta zama inda suruki yake. Bayan la'asar Baffa kan shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar tsakar gida da rediyonsa. In an zo labarin wasanni sai ya ƙara murya, ya saurara har ƙarshe, sannan ya kashe da tsaki. "Ƙwallo, ƙwallo. Sai ka ce ƙasar nan babu ruwa." Duk shekara sai ya tambayi maigidana, "Duba mana a wayar nan taka, an yi ta bana?" Gasar ninƙaya ta ƙasa yake nufi. Wata shekara a ce an yi, a karanta masa jihohin da suka ci, ya gyaɗa kai ya ce, "Mutanen Kifi ne. Har yanzu su ne." Wata shekara a duba a rasa labarinta, ranar ko fura ba ya shanyewa.

Ya ce a zamaninsu Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, kuma ba kowa ya taɓa ganin kwamin ninƙaya ba sai wanda ya yi aiki a gidan Turawa. Da aka ce kowace jiha ta kawo masu iyo, sai jami'ai suka bi bakin kogi suna tambayar masunta da makiyaya. Shi lokacin saurayi ne, yana ƙetarar da shanun mahaifinsa a Gongola. Suka tsaya suka kalle shi har ya fita, suka ce ya zo. Mahaifinsa ya ce, "Iyo ma har gasa ake yi? To in ka riga kowa fita, shanun wa ka kai?" Da ƙyar ya bar shi. Aka zuba su a jirgin ƙasa sai Legas.

"Na ga ruwa a cikin akwati," haka yake faɗa wa jikokinsa. "Shuɗi, kana ganin ƙasansa, yana warin magani, kuma ba ya zuwa ko'ina. An ja igiyoyi an raba wa kowa hanyarsa kamar gonar gado."

Shi kuwa makiyayi ba ya ƙetare kogi a miƙe. In ka nufi tsallake kai tsaye, ruwa zai yi ta dukan haƙarƙarinka har ƙarfinka ya ƙare a tsakiya. Sai dai ka karkace, ka ba ruwa kafaɗa, ka bi shi kana yankarsa kaɗan-kaɗan, ka fita can ƙasa da inda ka shiga. Kanka kuma a sama, don idonka yana kan shanu. Da wannan ya tashi, kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa a can ba haka ake yi ba.

"Aka busa usur na faɗa. Jikina ya yi abin da ya sani. Ban yi nisa ba na ji igiya a wuyana, na bi ta ƙarƙashinta, sai ga ni a kan bayan wani. Muka nutse tare."

A nan yara ke faɗuwa ƙasa don dariya. Wanda ya hau wa baya shi ne Kifi, wanda kowa ya sa ran zai ci tseren. Aka fitar da su duka biyu. Kifi ya yi ta zaginsa da yaren da bai sani ba, da ya gaji sai ya koma Hausar bariki, don ubansa ya yi ɗan sanda a arewa. Ya ce, "Kai saniya ne?" Baffa ya ce, "A'a, mai saniya ne." Daga ranar Kifi ke ce masa Mai Shanu. Shi ya koya masa bin layi, da sa fuska a ruwa, da juyawa in an kai bango, tunda kogi ba shi da bango.

Ya koma gasar sau da yawa bayan nan, bai taɓa dawowa da lambar yabo ba. Yakan ce iyakar abin da ya yi shi ne shiga zagayen ƙarshe, ya gama yana kallon ƙafafun mutane. Amma ya san yadda abin ya yi ta canzawa. A da, in ji shi, mutanen bakin teku da masu kaki ne ke rabawa tsakaninsu, agogon hannu ake riƙe wa mutum, alƙalai su yi ta musu a kan wa ya riga wa. Daga baya aka zo da wanda kana taɓa bango yake rubutawa da kansa. Mata 'yan kaɗan ne da farko, suka zo suka yi yawa, aka kuma ware ta yara. Wani lokaci a je a tarar ruwan kwamin ya yi kore, a ɗage. "Mu 'yan arewa kullum 'yan rakiya ne. Ba ruwa ne ba mu iya ba. Ruwanmu ne daban."

Duk wannan ina jinsa ina tuƙa tuwo, ina roƙon Allah abin ya tsaya a labari.

A wajenmu 'yar fari ba ta uwa ba ce. Ba na kiran sunanta, "ke" nake ce mata. Ba na ɗaukarta a gaban manya. In ta faɗi ta fasa baki a tsakar gida sai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Ana yaye ta aka kai ta ɗakin Dada. Baffa amarya yake ce mata.

"Amarya, yau ma ba a dafa min komai ba?"

"Ka kawo cefane tukuna. Ango ba haƙori, ba cefane."

"To na sake ki."

"Da ma na gaji."

Ba ta daɗe da fara makaranta ba, wata Asabar da rani na ga ya fito da gora irin wanda masunta ke kifa ciki a kai. Ya ce wa Dada zai kai yara bakin kogi a Dadin Kowa. Na ɗauka mazan yake nufi, sai na ga ya kama hannunta. Na bi maigidana ɗaki, ya ce, "Me zan ce masa? Mu ma haka ya kai mu." Na je wajen Dada, ko gama magana ban yi ba ta dube ni ta ce, "'Yarki ce?"

Ranar miyata ta ƙone. Duk motar da ta tsaya a titi sai na leƙa zaure. Da yamma suka dawo, idanunta jajir, yashi cike da kitsonta, tana ta zuba surutu, ta cinye tuwo ta nemi ƙari. Asabar mai zuwa aka sake. Rani ya wuce, wani ya zo, ana yi. Ya sa Dada ta ɗinka mata dogon wando da riga mai kama jiki da hula, duk da haka bakin unguwa bai mutu ba. Wai 'ya mace a kogi, gobe wa zai aura.

Abin da ya sa na kasa haƙuri biyu ne suka haɗu. Aka yi ta maganar dorina ta kife wani kwalekwale a can. Sannan na ji ta tana gaya wa ƙanenta, "Baffa ya ce in ruwa ya kama ni, hijabi zan fara cirewa." Asabar na zuwa na riga su zaure. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, na ce, "Baffa, kada a je da ita."

Ban da gaisuwa bai taɓa jin muryata ba. Ya tsaya. Ina ganin ƙafafunsa da gindin sandarsa kawai.

Ya ce, "Kwarin da take ƙetarewa zuwa Islamiyya, ke za ki ɗauke shi daga hanya?"

Na ce, "Zan hana ta bi ta nan. Ta zagaya ta gada."

"Za ki hana ta. Ranar da ta makara fa, ta ga ƙawayenta sun sauka?"

Na ce, "Wanda bai shiga ruwa ba, ruwa ba ya cinsa."

Ya ce, "Ƙanenki ya iya iyo?"

Ban san ya sani ba. Kamar ya ɗora min garwashi. Ya zagaye ni ya fita da ita, ya bar ni a durƙushe. Ba zan ce ya kyauta min ranar ba, ko yanzu da yake ƙasa. Dada ta wanke ni tas, wai gidanmu ba a koya min kunya ba. Da Baffa ya dawo na ji ya ce mata, "Ki bar 'yar mutane." Bai ƙara komai ba. Amma daga wannan mako ya ce wa maigidana ya riƙa barin wayarsa a gida ranar Asabar. Bai faɗi dalili ba. Duk sa'ad da suka fito daga ruwa sai wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Ni ke kusa da ita. Sai na ji wannan ƙara nake iya haɗiye abinci.

Wanda ya zauna a Gombe ya san halin kwarurrukanmu. Da rani yashi ne da shara, yara na ƙwallo a ciki. Da damina kuwa ba sai an yi ruwa a kanka ba. Rana na iya kasancewa tar a unguwarku, a sheƙa shi can tudun yamma, sai dai kawai ka ji shi ya iso. Shi ya sa in damina ta kama Baffa ba ya gama la'asar sai ya fita ya dubi yamma. In ya ga ta yi baƙi sai ya ɗauki sanda ya tafi bakin kwarin bayan unguwarmu, daidai lokacin tashin yara, ya yi ta kora su zuwa gada. Yara suna jin haushinsa, don zagayen da nisa. Yakan ce musu, "Ruwa ba ya gaba da kowa, tafiyarsa yake yi. Kai ne za ka san hanyarsa."

Ranar da abin ya faru gwiwarsa a kumbure take. Ina shanya na ga rediyo na ta magana shi kaɗai a kan buzu. Na ɗaga kai na dubi yamma, baƙi ƙirin, mu kuwa rana. Na bar goyona wajen Dada na fita ko takalmi babu. Na wuce shi a hanya yana ɗingishi, ya ɗaga sanda yana min alama in yi sauri.

Ina isa baki na tarar yara sun riga sun sauka, suna ƙetarewa da jakunkunansu. Na fara jin warin jiƙaƙƙiyar shara, sannan ƙara kamar tifa na zubar da duwatsu. Yara suka watse, kowa ya kama gefen da ya fi kusa da shi. Ita ma ta kusa fita ta wajenmu, sai takalminta ya cire, ta koma ɗauka. Ruwan ya zo ja, da ledoji da kara da reshen itace. Ya kama ta a gwiwa, kafin ta miƙe ya kai ƙugu, ya kayar da ita.

Na kira sunanta. Sunanta na yanka, wanda tun da na haife ta bai taɓa fita daga bakina ba.

Ta ji. Ta ɗago ta juyo ta nufo ni kai tsaye, tana kokawa da ruwan. Hijabin ya naɗe mata fuska, ta nutse.

Na yunƙura zan faɗa, sai na ji sanda a ƙirjina. Ya iso. Ya ce, "Kada ki sake kiranta. Tana jinki ke za ta nufo." Bai shiga ruwan ba. Ya buɗe baki ya yi wani dogon kira irin wanda ake wa shanu, wanda ashe da shi yake kiransu in za su fito daga kogi. Ya juya ya bi gaɓa zuwa ƙasa, yana jan ƙafa yana kiran, yana jan ƙafa yana kiran. Na bi shi hannuna a kan bakina.

Na ga hijabin yana tafiya a kan ruwa, na ɗauka ita ce. Sai can ƙasa na hango kai ba ɗankwali, haɓa a sama. Ba ta nufo mu ba, ba ta kuma bar ruwan ya tafi da ita ba. Ta ba shi kafaɗa, tana binsa tana yankarsa. Ta nutse ta ɓullo. Wani reshe ya doke ta ya wuce. Shi kuwa ya wuce ta, ya je inda gaɓa ta zaizaye ta yi gangare, ya sauka har ruwa ya kai masa cinya, ya miƙa sanda ya tsaya. Kamar ya san daidai inda za ta fito. Ta zo ta kama. Samari suka riƙo rigarsa suka jawo su tare.

Ta yi aman laka, wani kwanon rufi ya yanke ta a ƙauri. Ya warware rawaninsa ya rufa mata a kai.

"Amarya, ina takalmin da kika koma ɗauka?"

Tana haki ta ce, "Ya tafi."

"To ya gaishe su."

Na ga hannunsa na rawa a kan sanda har sandar na buga ƙasa. Na ɗauka tsufa ne da sanyin ruwa.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, har da cewa uwar ta kira sunan 'yar fari a bainar jama'a. Mata suka shigo jaje, ana yi ana min dariya ta gefen ido. Wata ta ce, "Baffa, wai da gaske surukarka ta yi ɓarin baki?" Ya ce, "Ni ina wajen, ban ji komai ba. Ruwa na da ƙara." Maganar ta mutu a nan.

Bayan wannan ne wani koci da ke koya wa yara iyo a kwamin wani otal ya ji labari ya nemi a kawo ta. Baffa ke raka ta, ya zauna a gefe da sandarsa. Kocin ya yaba numfashinta da ƙarfin hannunta, kukansa ɗaya ne: ba ta tafiya a miƙe, kullum sai ta goga igiya. Ranar da aka fara faɗa masa Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Gado ne, malam. Ka yi haƙuri da mu."

Bana kocin ya zo har gida ya ce jiha za ta kai yara gasar ƙasa, yana so da ita. Maigidana ya ce sai abin da Baffa ya ce. Kafin Baffa ya ce komai ciwo ya kwantar da shi. Wata safiya Dada ta leƙo madafa ta ce yana kirana. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa. Fuskarsa na kallon bango, don kada in ji nauyi.

Ya ce, "'Yar fari ta kaka ce, haka muka tarar. Na riƙe iya riƙona. Yau na mayar miki da ita, ga Dada shaida. In kin ce ta je, ta je. In kin ce a'a, kada wanda ya ce miki don me."

Na ce, "To, Baffa." Bai jira amsata ba, Allah ya karɓi abinsa.

Don haka duk zaman makokin nan da nake dama kunu, maganar na kaina. Shekara da shekaru ina so a ba ni bakin hanawa, ga shi an ba ni, kuma ba wanda zan fake da shi. Koci na jira. Maƙwabta na jira su ga ko yanzu da tsohon ya tafi za a dawo da yarinya kan hanya. Ni kuwa in na rufe ido hijabin nan nake gani yana tafiya a kan ruwa.

Ranar da Kifi zai koma ya ce yana son ganin jikar da uwarta. Muka same shi a zaure, maigidana na zaune. Ya dubi kafaɗunta ya gyaɗa kai, sannan ya juyo gare ni.

"Ke ce mai rufe randa?"

Ashe Baffa yana lura.

Ya ce, "Ranar ruwan nan ya buga min waya. Tun muna samari na san Mai Shanu, ban taɓa jin yana kuka ba sai ranar. Ya ce, Kifi, yau na ga abin da uwar nan take gani kullum. Ya ce tun da aka haifi yarinyar yake kallon kwarin nan, in hadari ya taso abinci ba ya wuce masa. Na ce, to ka daina kai ta ruwa mana. Ya ce, ai shi ya sa nake kai ta."

Na tuna sandar da ke buga ƙasa.

Bai ce min in bar ta ko kada in bar ta ba. Ni na tambaye shi, kaina a ƙasa, "Baba, a can wurin gasar, akwai mai tsayawa a baki in yaro ya nutse?"

Ya ce, "Akwai, mama, har sun yi yawa. Ruwan can a akwati yake. Na bayan gidanku ne ba shi da mai tsaro."

Da ya tafi na kira ta ɗakina. "Ke, zo nan. Kina son zuwa?"

Ta ce, "In kin bari."

"Ba kya jin tsoro?"

"Ina ji. Baffa ya ce in na daina ji in daina shiga."

Na ce wa maigidana ya gaya wa koci za ta je, amma ƙafata ƙafarta. Na kuma ba shi saƙo: ya koya mata bin layi yadda ake so a can, sai dai kada ya cire mata karkacewar duka, don nan za ta dawo. Maigidana ya ce kocin ya yi dariya ya ce wannan ko ya so ba za ta fita ba.

Ba mu tafi ba tukuna. Ban san ko za ta ci wani abu ba, wataƙila ita ma ƙafafun mutane za ta kallo ta dawo. Tsoron bai bar ni ba, jiya ma na tashi na rufe randar Dada. Maƙwabciyarmu ta daina shigowa aron turmi. Wanda ya tambayi kofi ranar makoki, ba ni da kofin da zan nuna masa. Abin da Baffa ya bari yana ɗakina yanzu yana haddar karatun Islamiyya, da tabo a ƙauri.

Allah ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya min rai da ƙarar waya sau ɗaya, ya ba Dada haƙuri.

Sandarsa na jingine a bayan ƙofar zaure, damina kuma ta kusa, wurin da yake tsayawa babu kowa. Ni zan riƙa fita bakin namu kwarin. Roƙona gare ka mai karatu, in kana zaune kusa da kwari, a Arawa kake ko Hammadu Kafi ko ina ne: in ka ga yamma ta yi baƙi lokacin tashin yara, ko da rana ake a kanka, ka fita ka tsaya a baki ka kora su zuwa gada. In ka tsaya, ka sa Baffa a addu'a.